Jari Kaɗai Ba Ya Riƙe Banki



A 2005 aka wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25, bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25. Duk da haka, a 2009 sai da Sanusi Lamido Sanusi ya sallami shugabannin bankuna takwas. Ashe jari kaɗai ba ya riƙe banki, sai da mutanen kirki.

A ganina, a ɗauki ma'aikaci bisa cancanta, a horar da shi, a saurari sabuwar dabararsa. Na'urar POS ta kawo banki har kasuwar Bebeji, amma amanar ma'aikaci ce ke tsare kuɗin manominmu.

Allah Ya sa mu dace.