Ilimin da ke Zama a Tabarmar Jama'a



Malanville ta ƙasar Benin ta san hada-hada. Ga babbar kasuwa, ga gonakin shinkafa da albasa a bakin kogin Kwara, ga gadar da ta haɗa ta da Gaya. Amma wa ke nazarin yadda mutanen garin ke tafiyar da al'amuransu da kansu?

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 2002, Benin ta miƙa wa garuruwa ragamar ci gabansu. Cibiyar bincike ta LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001 kuma take da reshe a Parakou, ta duƙufa kan irin wannan nazari. Masu bincikenta sukan zauna da manoma, 'yan kasuwa da masu unguwanni, su ga yadda ake yanke shawara da inda kuɗin haraji ke tafiya. Nassirou Bako-Arifari, ɗan yankin nan, ya yi wannan aikin kafin ya zama ministan harkokin waje a 2011.

Ɗalibanmu, ku rungumi wannan fanni. Ɗan gari mai jin Dendi da Hausa ya fi baƙo sanin ciwon garinsu. Hukumomi kuma, ku karanta abin da aka gano, ku yi aiki da shi.