Sanƙo: Abin da Wanzami Yake Gani Kafin Mai Kai



A rumfar wani wanzami a unguwar Treichville wannan takarda ta samo asali. Wani ɗan dako daga tashar jiragen ruwa ya zauna a benci ya cire hula. Wanzamin ya jiƙa masa kai, ya ɗan tsaya da aska a hannu ya ce, "Ɗan'uwa, tsakar kan nan fa ta fara haske." Mutumin ya ce ai buhu da gammo ne suka cinye masa gashi. Na kusa da shi ya ce hula ce. Wani kuma ya ce ya yi murna, arziki ne ke tafe. Duk cikinsu ba wanda ya dace. Da ɗaukar kaya ke kawo sanƙo, da matan da ke yini da tire a ka a kasuwar Adjamé sun riga kowa.

Sanƙon maza gado ne da ke aiki ta hanyar sinadarin mazakuta. Tun 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo, ko da kuwa ya yi wa danginsu katutu. Jiki yana juya wani ɓangare na testosterone ya koma sinadarin da ake kira DHT. Ga wanda ya gaji abin, ta wajen uwa ko ta wajen uba, DHT yana tsuke ramin gashi sannu a hankali. Gashin da ya zube, wanda zai maye gurbinsa sai ya fito siriri, gajere, har ya koma kamar na jariri, daga nan ramin ya daina. Yakan faro daga gefunan goshi da tsakar kai, ya ƙyale ƙeya da saman kunne. A 1975 O'Tar Norwood ya kasa wannan tafiya zuwa matakai 7, har yau da su likitoci ke awo.

Magungunan da suka fi samun shaida biyu ne, kuma dukansu don wata cuta aka fara yin su. Minoxidil na hawan jini ne; da aka ga masu shan sa suna tsiro gashi, sai aka mai da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Finasteride kuwa na kumburin furostet ɗin dattawa ne, wato gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsara, aka amince da ƙwayarsa mai miligiram 1 don sanƙo a 1997. Shi yana rage DHT ɗin ne. Sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga alama, kuma ranar da aka daina, gashin da aka riƙe zai kama hanya. Ba sa ta da ramin da ya mutu. Finasteride yana rage wa wasu maza sha'awa, kuma ba a son mai ciki ta taɓa ƙwayar da ta fashe. Dashen gashi, wanda ake tafiya Istanbul dominsa, ƙaura ce kawai: a ciro daga ƙeya a shuka a goshi.

Abin da ya fi damuna shi ne kwalaben da ake yawo da su daga kasuwar Roxy ta Adjamé zuwa bakin tasha, an rubuta "kwana 7". Man kaɗanya da na habbatus sauda suna tausasa fata, ban hana kowa ba, amma ba ruwansu da DHT. Ƙwayar da ta yini a rana a kan faranti kuwa, Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinta.

Shi ya sa nake roƙon iyayenmu wanzamai, ku da kuke ganin tsakar kan mutum duk mako biyu: ku rarrabe sanƙo da abin da ba shi ba. Zubewar da ta zo farat ɗaya ta yi da'ira kamar kwabo, ko makero mai ƙaiƙayi, ko ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗannan na likita ne, kuma ga sashen cututtukan fata a asibitin koyarwa na Treichville.

Shi dai ɗan dakon nan tal-kwabo ya ce a yi masa, ya biya, ya mai da hularsa.