Wa yake tambayar ɗan kwana-kwana ya ya kwana?

 Yau ba baƙo, ni kaɗai ne, kuma daga Darmanawa nake ɗaukar shirin, in kun ji jiniya ku yi haƙuri. Duk wanda ya tashi kusa da asibitin Malam Aminu Kano ya san wannan ƙarar, motocin asibiti na shigowa ta titin Zariya dare da rana har kunne ya saba.

Lokacin sanyin da ya wuce wuta ta tashi a wani gida a layinmu, wajen ƙarfe biyun dare. Kun dai san lungunanmu. Motar 'yan kwana-kwana ta iso amma ta kasa shiga, sai tiyo aka ja. Kafin su gama sauka matasa sun fara zagi, wani har ya ɗauki dutse. Ni ma, gaskiya, na faɗi maganar da yanzu nake jin kunyarta.

Bayan wuta ta mutu sai na hangi ɗayansu, zai yi sa'an mahaifina, zaune bakin kwata yana tari. Na miƙa masa ruwan leda na ce, "Baba sannu da aiki." Ya ce wannan ce fitarsu ta uku tun magariba. Ta farko ma ba gobara ba ce, yaro suka ciro daga rijiya, kuma ba rai. Ya ce, "Ɗana, har yanzu fuskarsa nake gani." Ya shanye ruwan ya hau mota.

Wannan maganar ce ta sa na shiga karance-karance. A 2012 wasu masana sun haɗa bincike 28 daga ƙasashe daban-daban, a kan ma'aikatan ceto sama da 20,000. Sun gano kusan mutum ɗaya cikin goma yana fama da abin da likitoci ke kira PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, barci ya gagara, abin ya yi ta dawo masa a ido. Kuma ma'aikatan motar asibiti ne suka fi kowa, kusan kashi 15 cikin 100. Sannan a 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka aikin kashe gobara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, har da ta mafitsara. To ku tuna tarin Baban nan.

Mu dawo gida. Hukumar kashe gobara ta Jihar Kano tana fitar da alƙaluma a kai a kai, kuna jinsu a rediyo: kira nawa aka yi, rai nawa aka ceto, dukiyar miliyan nawa ta ƙone, har da kiran ƙarya. Eh, akwai masu buga waya don wasa, Allah ya shirye mu. Wannan lissafi yana da amfani. Amma ni yanzu wani layi nake so a ƙara: ma'aikaci nawa ya ji rauni, awa nawa ya yi a bakin aiki, yaushe rabon da likita ya duba ƙirjinsa. Waɗanda suka kwashi gawarwaki a babban masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamba 2014, da waɗanda suka kwana cikin hayaƙin kasuwar Sabon Gari a Maris 2016, wa ya koma ya tambaye su?

Wani zai ce ai Musulmi tawakkali yake yi. Haka ne, amma mai tawakkali ma in ya karye ɗori ake kai shi. Kuma tun Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa.

'Yan'uwana ɗaliban Bayero da ke neman abin da za su rubuta a shekarar ƙarshe, ga aiki a ƙofar gida. Ku je tashar kwana-kwana, ku je sashen gaggawa, ku nemi izini, ku zauna da direbobi da nas-nas, ku rubuta abin da suka faɗa ba tare da sunayensu ba. Shugabannin hukuma ba za su tsara hutu ko su nemi kuɗin abin rufe hanci da baki a kasafi da labarin baka ba, sai da takarda a hannu.

In akwai tsohon ɗan kwana-kwana ko direban motar asibiti da ke saurare, ko ɗansa, ku neme mu. Mako mai zuwa kujerar baƙo taku ce.