KADA KWAMITIN GYARA YA ZAMA SHINGE A KAN HANYA
Jawabi ga ma'aikatan gwamnati a kan sabon tsarin gudanar da aiki



Abin da ya tara mu yau shi ne wani tsarin gudanar da aiki wanda Turawa ke kira "ajayil", da kuma wata cuta da kan kama ma'aikatu sa'ad da suka yi niyyar ɗaukarsa. Asalin sunan daga Amurka ya fito. Cikin watan Fabrairu na 2001 waɗansu masana shirya manhajar kwamfuta su 17 suka taru a wani wuri da a ke kira Sunobad, a jihar Yuta, suka rubuta 'yar takarda ta abin da suka yarda da shi. Taƙaitaccen bayaninta shi ne a fifita mutane a kan ƙa'idojin ofis, a fifita aikin da ya kammala a kan tulin takardu, a riƙa shawara da mai bukatar aikin, sa'an nan in hali ya sāke a sāke shiri. Bisa ga wannan tsari a kan gutsuttsura babban aiki, a ba ƙaramar ƙungiya ta ma'aikata guntu guda ta gama cikin kamar mako biyu, a nuna wa masu bukata, a gyara kuskure tun yana ƙarami.

To, al'adar ma'aikata ce, ko ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, in sabon abu ya zo sai ta kafa kwamiti na cikin gida domin ya jagoranci canjin. Niyyar kyakkyawa ce. Amma sau da yawa wannan kwamiti shi ne kan zama babban abin da ke hana ruwa gudu, ta hanyoyi uku.

Ta farko, ya kan mai da kansa sabuwar ƙofa. Dā fayil ya kan bi tebur biyar kafin a sa hannu, yanzu ya zama shida, domin ba wanda ya isa ya gwada wata dabara sai kwamiti ya amince. Ke nan an gudu ba a tsira ba, tun da ya ke tsarin ya zo ne domin ya ba masu aikin ikon yanke shawara da kansu.

Ta biyu, ya kan ƙidaya al'adu ya manta da amfani. Za ka ji yana alfahari da yawan ma'aikatan da aka tura kwas, da yawan sassan da ke taron minti goma sha biyar kowace safiya, da allunan da aka manna a bango. Amma ba ya tambaya ko tsohon da ke jiran kuɗin fanshonsa ya samu da wuri fiye da bara.

Ta uku, wadda ta fi muni, ya kan killace kansa, ya ɗauki mai gyara masa kuskure a matsayin maƙiyin ci gaba, har ya zama ba ya kai wa na sama sai labari mai daɗi.

Ga misali daga ƙasar Ingila. A 2010 gwamnatin ƙasar ta bayyana shirin haɗa kuɗaɗen tallafi iri shida da a ke ba marasa ƙarfi su zama guda, shirin da aka sa wa suna Universal Credit. Ma'aikatar ayyuka da fansho ta ƙasar ta ɗauki tsarin ajayil domin wannan aiki, alhali kuwa ba ta taɓa gwada shi a kan aiki mai girma haka ba. Cikin watan Satumba na 2013 ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya fitar da rahotonsa. Ya tarar ƙungiyar da aka danƙa wa aikin ta keɓe kanta tamkar mai zaune cikin ganuwa, ta kuma saba da kai rahoton alheri kaɗai. A lokacin an riga an yi asarar fam miliyan 34 a kan aikin kwamfuta da bai amfanu ba. Ku lura, tsarin da aka ƙago domin a gano kuskure da wuri shi ne aka gudanar a hanyar da ta ɓoye kuskure.

Ga kuma kishiyar wannan. A 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta motoci da ke Firimon, a jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen mugun aiki. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar kamfanin Toyota na Japan, kuma yawancin ma'aikatan tsofaffin ne aka maido. Abin da ya sāke shi ne an ba kowane lebura ikon jan wata igiya in ya ga aibu, shugabansa ya zo a gyara nan take, in bai gyaru ba a tsai da layin. Ba da daɗewa ba motocin wurin suka shiga sahun mafi inganci a cikin na kamfanin. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Mu ma a nan gida muna da abin tunawa. Hukumar Udoji, wadda aka kafa a 1972 ta ba da rahoto a 1974, ta kawo shawarwari masu yawa na sāke yadda a ke aikin gwamnati, amma abin da jama'a suka riƙe shi ne ƙarin albashi. Sāke sunan tsari abu ne mai sauƙi, sāke hali shi ne aiki.

Saboda haka ina roƙon kowace ma'aikata da ta kafa irin wannan kwamiti ta kiyaye abu huɗu. A sa masa ranar gamawa tun ranar da aka kafa shi. A sa cikinsa akawu da ma'aji da masu hulɗa da jama'a, waɗanda ke taɓa aikin da hannunsu. A auna shi da yawan kwanakin da ya rage wa mai bukata, kada a auna shi da yawan tarurruka. Sa'an nan kowane wata Babban Sakatare ya zauna da ƙananan ma'aikata, ba tare da 'yan kwamiti ba, ya ji daga bakinsu abin da ke tsai da su.

Ku kuma 'yan kwamiti, aikinku share hanya ne. In sashe ya kawo kuka cewa wata ƙa'ida ta ɗaure shi, ku ɗauki kukan ku kai inda za a kwance. In an yi muku gyara ku karɓa, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar da sassa suka iya tafiya ba ku, ranar ce kuka cika aikinku.

Allah ya taimake mu ga yi wa jama'ar ƙasarmu aiki da gaskiya.