Fataken da ba su yi tambaya ba

Daga Baguida nake gaishe ku, nan bakin titin da ya tashi daga Lome ya bi ta Aneho zuwa iyakar Benin. Ni Kirista ne, na kuma san yawancinku Musulmi ne. Amma labarin da na kawo yau namu ne gaba ɗaya, wato labarin Yusufu ɗan Yakubu. Mu muna karanta shi a Littafin Farawa daga sura ta 37, ku kuma kuna da Suratu Yusuf, sura ta 12 a Alƙur'ani.

Tun ina yaro mahaifina yake karanta mana shi daga tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar da aka buga a 1932, wadda Likita Miller na Wusasa ya yi wa aiki shekara da shekaru. A lokacin hankalina yana kan Yusufu kaɗai: rijiya, kurkuku, mafarkin Fir'auna, sai sarauta. Labari mai daɗin ƙarshe.

Wani fim ne ya sa na koma na sake karantawa. Sunansa La Genèse, na Cheick Oumar Sissoko ɗan Mali, ya fito a 1999 da harshen Bambara. Sotigui Kouyaté ne ya fito a Yakubu, mawaƙin nan Salif Keita kuma ya fito a Isuwa. Ya ɗauko labarin ya ajiye shi a ƙasa irin tamu, da makiyaya da manoma da maharba, ana ta rigima. Ku da kuke kiwo, in kun gani za ku ce gidanku aka shiga. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohon nan Yakubu, ya shige bukka yana makokin ɗansa, ya ƙi fitowa. Sai na ce, ashe duk shekarun nan ina bin yaron zuwa Masar, ban taɓa waiwayar uban da aka bari a gida ba.

Da na buɗe littafin, sai na ci karo da wasu mutane da nake tsallakewa kullum. 'Yan'uwan Yusufu makiyaya ne, suna kiwo a Dotan. Shi kuwa shekararsa 17. Ayarin Isma'ilawa ya ɓullo daga Gileyad, raƙuma ɗauke da kayan ƙanshi za su Masar. Aka yi ciniki a kan azurfa 20, suka wuce da shi, suka sayar wa Fotifar. To, ku duba. Waɗannan fatake ba su jefa kowa a rijiya ba, ba su yi wa Yakubu ƙarya ba. Sun dai ga riba, suka ɗauka. Ba inda aka ce ɗayansu ya tambayi yaron ɗan wane ne shi. Da ba ayari, da ƙiyayyar 'yan'uwa ta tsaya a Dotan. Ayari ne ya kai ta Masar.

Bari in faɗi laifina, don kada ku ce wa'azi nake yi daga kan tudu. Wata shekara na shiga mota daga nan za ni Kwatano. Akwai wata mata da yara mata uku, babbar cikinsu ba ta wuce shekara goma ba. Ta yi musu magana, ba su gane ba, sai da hannu. Ba jaka, ba guzuri, kowace da 'yar leda ɗaya. Kafin mu kai Sanvee-Condji ta sauka da su, suka hau babura, sai a Hillacondji suka sake shigowa. Na gani, direba ya gani, kowa ya gani. Na ce a raina ina ruwana, ƙila riƙo ne. Na yi shiru. Har yau ban san inda yaran nan suke ba, kuma duk sa'ad da na karanta sura ta 37, a cikin ayarin nake ganin kaina.

Wannan ba tatsuniya ba ce a gaɓar tekun nan. Manya cikinku za su tuna jirgin ruwan Etireno. A watan Maris na 2001 ya tashi daga Kwatano, Gabon ta hana shi sauke mutane, ya komo da yara a ciki, har da 'yan Togo. A 2005 Togo ta kafa doka ta musamman a kan fataucin yara, kuma ta shafi mai ɗauko yaro da mai safararsa da mai ɓoye shi. Tun kafin wannan, Attaura ta riga ta yi magana: a Littafin Fitowa 21:16, satar mutum a sayar laifi ne mai hukuncin kisa.

Kada a fahimce ni a baibai. Riƙo al'adarmu ce, da yawanmu a hannun gwaggo ko kawu muka tashi. Yaro yakan bi maigida ya koyi fatauci, yakan bi shanu, yakan tafi karatu. Ba kowane yaro a mota ba ne aka sayar. Shi ya sa ban ce ku kama kowa ba. Tambaya kawai na roƙa, ai matambayi ba ya ɓata. In an ba ka yaro ka ƙetare da shi, malam direba, tambayi yaron da kansa sunansa da sunan garinsu. Nemi lambar uban, ka kira a gabanka. In an ce za a ninka maka kuɗin mota don ka bi ta bayan gari, to ka san akwai lauje cikin naɗi. Kai kuma maigida, in dillali ya kawo maka yaron kiwo ko 'yar aiki, ka san hannun wa ladansa yake shiga. In abin bai kwanta maka ba, gaya wa sarkin zango ko shugaban tasha ko jandarma. A Togo akwai lambar Allô 1011 ta kare yara, kiran kyauta ne.

Wani zai ce, ai ƙarshen Yusufu ya yi kyau. Haka ne. A sura ta 50 shi da bakinsa ya shaida wa 'yan'uwansa cewa sharrin da suka nufa, Allah ya juya shi alheri. Na gaskata wannan da zuciya ɗaya, a kansa bangaskiyata take tsaye. Sai dai juya sharri aikin Allah ne, bai zama lasisi ga mai aikata shi ba. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma ko a lokacin ubansa bai san yana da rai ba. Waɗannan shekarun ba wanda ya mayar wa tsohon nan.

Mu Kirista mun yi imani Yesu Almasihu ma da azurfa aka bashe shi, 30. Saboda haka ba ni da bakin cewa cinikin mutum ƙaramin abu ne.

Gobe da asuba wasunku za su ƙetare Aflao, wasu Cinkassé, wasu Hillacondji. Allah ya kai ku lafiya, ya sa albarka a dukiya da dabbobi. In kun ga yaro a kujerar baya ya yi tsuru, ku tambaye shi sunan ubansa. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.