Yaron da Aji Ke Yi wa Dariya

Shirinmu na yau zai taɓo maganar da ake rage murya idan an zo kanta, kuma daga Madina zai faro.

A zamanin Manzon Allah (SAW) akwai wasu maza a Madina da Larabawa ke kira mukhannasai, masu tafiya da murya da karairaya irin na mata. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin ɗayansu, wanda ake ce wa Hit, da ke shiga ɗakin Ummu Salama babu shamaki. Sai ranar da aka ji shi yana siffanta jikin wata 'yar Ɗa'if dalla-dalla, a shekara ta 8 bayan Hijira, aka hana shi shiga wurin mata. Abu Dawud kuma ya kawo labarin wani da ya ƙunsa lalle hannu da ƙafa, aka fitar da shi daga Madina zuwa Naƙi'u. Da aka nemi izinin kashe shi, Annabi ya hana, domin mutumin mai sallah ne.

Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya raba mukhannasai gida biyu a sharhinsa na Muslim: wanda haka Allah ya halicce shi, babu laifi babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Sharhin nan ba baƙo ba ne ga ɗaliban Arewa da suka yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka buɗe a 1961. Ko labarin sharhin ya kai ajin firamare a Fagge da ke Kano, wannan kuma wata magana ce.

Ga yaro ɗan shekara 12. Malam ya ce ya tashi ya karanta. Yana buɗe baki, wani a bencin baya ya maƙe murya ya ce "ɗan daudu", aji ya tuntsure da dariya. Malam ya yi murmushi kawai, kuma murmushin nan ya fi dariyar ciwo, don lasisi ne ya ba su. Idan an fita tara, yaron yana raɓe a jikin taga. Banɗaki kuwa ba ya kusantarsa, gara ya matse fitsari har a tashi.

Hukumar UNESCO ta bayyana a 2019 cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya yana shan cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai. Rahotonta na 2016 ya nuna cewa yaran da ɗabi'arsu ta saɓa wa abin da ake tsammani daga jinsinsu sun fi shan wuya, abin da ke kai su ga fashin makaranta, da faɗuwa jarrabawa, da ƙuncin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2019, ta cire rashin jituwar mutum da jinsinsa daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa.

Zango na gaba, gurbin yaron babu kowa. Mai son ganinsa ya leƙa tasha, inda 'yan daudu suka daɗe suna sana'ar abinci, kamar yadda Rudolf Gaudio ya rubuta a littafinsa na 2009 kan Kano. Can zai same shi yana wanke kwanuka, sunansa kuma har yanzu yana cikin rajistar malam.

Nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.