Kafin A Haƙa Tushen Gida, A Tambaya: Me Aka Taɓa Yi A Wannan Fili?

Yau ina so mu yi magana a kan fili, wato wurin da mutum zai gina gida ya zauna da iyalinsa.

Garuruwanmu suna ta faɗaɗa. Wuraren da a dā akwai masana'anta, ko majema, ko gidan mai, ko garejin gyaran motoci, yanzu ana yanka su fuloti fuloti ana sayarwa. 'Ya'yanmu da suka tafi Kaduna, Kano ko Jos neman abinci suna sayen irin waɗannan filaye, domin sau da yawa sun fi sauƙin kuɗi. Wani lokaci ma ikilisiya ce ake ba kyautar fili don gina makaranta ko gidan fasto. Idan za mu sayi fili mukan tambayi mai shi, mu duba takarda, mu nemi shaidar mai unguwa. Wannan daidai ne. Amma akwai tambaya ɗaya da mukan manta: kafin yau, wane aiki aka yi a kan wannan ƙasa, kuma me aka bari a cikinta?

Labarin wata unguwa a Amurka

Bari in fara da abin da ya faru a wata unguwa da ake kira Love Canal, a garin Niagara Falls na jihar New York a Amurka. Akwai wani dogon rami a wurin da aka haƙa tun dā aka bari. Daga 1942 zuwa 1953 wani kamfanin haɗa sinadarai mai suna Hooker ya riƙa zuba sharar masana'antarsa a ramin, kusan tan 20,000. Da ya cika sai aka rufe da ƙasa, ciyawa ta fito, wurin ya zama kamar kowane fili. A 1953 kamfanin ya sayar wa hukumar makarantu ta garin wurin a kan dala ɗaya tak. A cikin takardar cinikin an rubuta cewa akwai sharar sinadarai a ƙasa, amma duk da haka aka gina makarantar firamare, aka buɗe ta a 1955. Daga nan gidaje suka kewaye ta.

Waɗanda suka sayi gidajen ma'aikata ne masu ƙaramin ƙarfi kamar mu, kuma yawancinsu ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba. Bayan shekara ashirin da 'yan kai aka yi ruwa da ƙanƙara masu yawa, ruwan ƙasa ya taso, ya turo gubar zuwa cikin gidaje da filin wasan yara. Wata uwa mai suna Lois Gibbs, wadda ɗanta ke zuwa makarantar yana ta ciwo, ta riƙa bi gida gida tana tambayar maƙwabta, ta tarar ba ita kaɗai ba ce. A watan Agusta na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a wurin. Daga ƙarshe iyalai fiye da 900 suka bar gidajensu. Wannan ne ya sa Amurka ta kafa doka a 1980 don tsabtace irin waɗannan wurare da kuma tilasta wa waɗanda suka ɓata su biya.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, an san labarin filin, amma labarin bai kai ga waɗanda za su zauna a kai ba. Na biyu, guba ta yi shiru shekara da shekaru. Shirun ƙasa ba shaida ba ne cewa tana da lafiya.

Abin da muka gani a gida

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna mutuwa a ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai yi amai, ya yi jijjiga, ya tafi. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe gubar dalma ce. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa, dutsen kuwa cike yake da dalma, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Daga baya mutane suka tuna cewa agwagin ƙauyukan sun riga sun mutu kafin yaran, amma ba wanda ya gane saƙon.

A Zamfara aikin ne ya shigo cikin gida. Abin da nake gargaɗi a kai yau shi ne a ɗauki gida a kai shi inda aka taɓa yin aikin. Sakamakon ɗaya ne, domin dalma ba ta ruɓewa. Ko an daina aikin shekara hamsin tana nan a ƙasa. Shi ya sa likitoci suka nace sai an kankare ƙasar gidajen tukuna kafin magani ya yi amfani, don in an warkar da yaro ya koma tsakar gida ɗaya, gubar za ta sake shiga jikinsa.

Abu uku da ke haɗuwa kafin a cutu

Masana wannan aiki suna da hanya mai sauƙi ta auna haɗari. Suna cewa sai abu uku sun haɗu: guba, da hanyar da za ta bi, da mutumin da za ta samu. Kamar murhu ne mai duwatsu uku. In ka cire ɗaya, tukunya ba ta zama.

Gubar ta danganta da aikin da aka yi a wurin. Inda aka fasa tsofaffin batiran mota ko aka narka su, dalma ce. A majema ta zamani akan yi amfani da sinadarin kiromiyom. A tsohon gidan mai, tankin da aka binne yakan yi tsatsa ya yoyo, fetur da gas su bi ƙasa su shiga rijiya. A gareji akwai baƙin mai. A rumbun ajiye maganin ƙwari na gona, abin da ya zube yakan daɗe a ƙasa. Tsohon rufin asbesto idan ya farfashe, ƙurarsa tana lalata huhu, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan shekaru da yawa. A ƙasar Jos kuma akwai tarin yashin da aka bari bayan haƙar kuza, wanda wani daga cikinsa yana fitar da tururin da ke cutar da jiki a hankali, don haka bai dace a ɗebe shi a yi bulo ko yaɓe ba sai an gwada.

Hanyoyin kuwa su ne baki, hanci, fata, ruwan sha da abinci. Yaro yakan sa hannu a ƙasa ya sa a baki. Iskar hunturu tana ɗaga ƙura a shaƙa. Rijiya tana jawo ruwan da ya ratsa cikin gurɓatacciyar ƙasa. Alayyafo da yakuwa da aka shuka a bayan gida suna ɗaukar ƙura a ganyensu, kaji kuma suna tsattsage ƙasa mu ci ƙwansu.

Na ukun shi ne mutum, kuma a nan ne gida ya bambanta da masana'anta. Ma'aikaci babba ne, yana da takalmi, yana awa takwas ya tafi. Amma gida akwai jariri, akwai mai ciki, dare da rana, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Ko ba ta kashe ba, tana dushe ƙwaƙwalwar yaro ya kasa karatu. Saboda haka filin da ya isa a ajiye motoci a kai ba lalle ne ya isa a goya yaro a kai ba.

Matakai huɗu kafin a biya kuɗi

Na farko, a nemi tarihin wurin. Wannan ba ya cin ko kwabo. Matambayi ba ya ɓata. A je wurin tsofaffin unguwa, tsofaffin ma'aikata da masu gadi, da matan da suka daɗe suna ɗiban ruwa a wurin. A tambaye su: me ake yi a nan? Ina ake zubar da ƙazamin ruwa? Ina ake ƙona shara? An taɓa binne ganguna ko tanki? An taɓa gobara? Kada a dogara da bakin dillali kaɗai, shi burinsa ciniki ya faɗa.

Na biyu, a zagaya filin da ƙafa, in da hali da rani da kuma damina. A duba inda ciyawa ta ƙi fitowa alhali kewaye kore ne, inda ƙasa ta canja launi, inda ake jin warin mai ko magani, da ruwan da ke ƙyalli kamar bakan gizo. A duba fasassun batira, tsofaffin ganguna da bakin bututu da ya leƙo daga ƙasa. A lura da gangaren ruwa, domin guba tana iya zuwa daga filin maƙwabci. Kada a taɓa ko a buɗe abin da aka tarar, kada kuma a tafi da yara.

Na uku, idan tarihi ko ido ya nuna alama, a kai ƙasa da ruwa gwaji. Ku riƙe wannan da kyau: dalma ba ta da wari, kuma ba a ganinta a ƙasa ko a ruwa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma. Gwaji ne kaɗai ke faɗin gaskiya. Ba a ɗibar ƙasa wuri ɗaya a ce an gama. Ana ɗiba wurare da yawa, sama da kuma can ƙasa, musamman inda tsofaffi suka nuna. Ana iya neman taimako a ma'aikatar muhalli ta jiha, ko hukumar NESREA da gwamnatin tarayya ta kafa a 2007, ko sashen nazarin ƙasa da sinadarai na jami'a mafi kusa. Don ku san yadda ake karanta sakamako: shekaru da yawa Amurka tana ɗaukar miligiram 400 na dalma a kilo ɗaya na ƙasa a matsayin iyakar da za a fara bincike a wurin zama, a 2024 ta rage zuwa 200. A wasu gidajen Zamfara an auna fiye da 100,000. Gwaji yana cin kuɗi, amma idan masu sayen fulotai goma suka haɗa hannu, nauyin zai yi sauƙi.

Na huɗu, a yanke shawara. In ƙasa ta fito lafiya, a yi gini da kwanciyar rai. In akwai guba, sai a tuna da duwatsun murhu. Ana iya cire gubar: a Zamfara an kankare saman ƙasa kamar santimita biyar, aka binne a ramin da aka tanada nesa da gari, aka zubo ƙasa mai tsabta. Ana iya toshe hanyar: a daɓe tsakar gida da siminti, a rufe rijiyar wurin a kawo ruwa daga wani wuri, a yi lambu a cikin buhu ko akwati da ƙasar da aka kawo daga gona. A Ingila akan zuba sabuwar ƙasa mai kaurin kusan santimita 60 a lambun irin waɗannan gidaje. Ko kuma a janye mutumin: a yi shago ko wurin ajiye kaya maimakon gida ko makaranta. Wani filin kuwa maganinsa a bar shi kawai. Araha ba ta ado.

Gargaɗi biyu a nan. Kankare gurɓatacciyar ƙasa ba aikin gayya ba ne da za a tara matasa da fartanya. Yana bukatar masani da kayan kare jiki. Sa'an nan kada a kwashe ta a zuba a kududdufi ko a sayar wa mai neman cikon fili, domin an mayar da masifar gidan wani ne kawai.

Abin da za mu iya yi tare

Ina roƙon kowace ikilisiya ta zauna da dattawan gari a rubuta wuraren da aka taɓa yin irin waɗannan ayyuka: inda ake wanke ma'adini, inda ake fasa batir, inda aka ajiye maganin feshi. A ajiye takardar wurin dagaci, a ba kwamitin gini kwafi. Tsofaffin da suka san tarihin nan ba za su dawwama tare da mu ba. Wanda kuma zai sayar da fili, in ya san abin da ke ciki, ya faɗa wa mai saye. Ɓoyewa zalunci ne ga yaran da ba a ma haifa ba tukuna.

Idan kuma kun riga kun gina a irin wannan wuri, kada ku firgita. A riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yara kafin cin abinci, a shimfiɗa musu tabarma, a wanke ganye sosai, a kai ruwan rijiya gwaji. In yaro yana yawan ciwon ciki ko jijjiga ba a gane dalili ba, a faɗa wa likita tarihin filin, a roƙi a gwada jininsa.

Yanzu sai mu rabu ƙungiya ƙungiya mu tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Waɗanne wurare ne a garinmu aka taɓa yin aikin da zai iya barin guba a ƙasa?
2. Wa ya san tarihinsu, kuma wa zai je ya tambaye shi a wannan mako?
3. In aka ba mu kyautar fili don makaranta, waɗanne tambayoyi za mu yi kafin mu karɓa?